Hunturu Da Kirsimeti A Jos: Kada Sanyi Ko Tsoro Su Kulle Mu A Ɗaka

Hunturu ya sake shigowa. Duk wanda yake zaune a Jos ba sai an faɗa masa ba, domin leɓe ya fara tsagewa, ƙura ta rufe duwatsu, yara kuma sai an yi da gaske kafin su yarda da wankan safe. Birnin yana bisa tudu mai tsayin sama da mita 1,200, shi ya sa daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu sanyin dare yakan sauka kusan digiri 10. A daidai wannan lokaci ne manoma suke gama girbi, makarantu suke hutu, ikkilisiya kuma take shirin bikin haihuwar Mai Ceto.

Abin baƙin ciki, iyalai da yawa yanzu daga majami'a sai gida. Wasu tsadar rayuwa ce ta hana su fita, wasu kuwa tsoro ne. Wannan tsoro yana da dalili. Ba mu manta da bama-baman da suka tashi a Kabong da Unguwar Rukuba a jajiberin Kirsimetin 2010 ba, balle harin da aka kai ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a Kirsimetin 2023, inda fiye da mutum 100 suka rasa rayukansu. Amma idan muka kulle ƙofa kowace Disamba, 'ya'yanmu za su tashi ba su san garinsu ba, ba su kuma san maƙwabtansu ba. Wannan ma hasara ce babba.

A Majami'a Ake Farawa

Tun makonnin shiri kafin ranar 25 ga wata, kowace ƙungiya tana da hidimarta. Mawaƙa suna koyon sababbin waƙoƙi da yamma, Zumuntar Mata suna gyara tulu da caki, 'yan makarantar Lahadi kuma suna shirya wasan kwaikwayo na makiyaya da masu hikima daga gabas. Iyaye, ku daure ku je ku kalli 'ya'yanku. Yaron da ya yi mako uku yana haddace aya ba abin da yake so kamar ya hango babansa a kan benci.

Jos kuwa cibiya ce, domin a nan hedkwatar COCIN da ta ECWA suke, ga Katolika da Angilikan da Baptis, kusan kowace unguwa da daren waƙoƙinta. A shekarar 2024 gwamnatin jihar Filato ta shirya babban taron waƙoƙin Kirsimeti na dukan ɗariku a dandalin Dokoki Goma da ke yankin Du, wanda tsofaffin shugabannin ƙasa Yakubu Gowon da Olusegun Obasanjo suka halarta. Mai niyyar zuwa irin wannan taro na fili ya tafi da rigar sanyi da hula, mai goyo kuma ta ƙara zane, gama da zarar rana ta faɗi iska ba ta da sauƙi.

Wuraren Da Za A Kai Iyali

Bayan ranar Kirsimeti akwai kwanaki shida kafin sabuwar shekara, kuma ba sai an kashe kuɗi mai yawa ba kafin a more su.

Na farko shi ne gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952 ta hannun Bernard Fagg. A can ne yara za su ga gumakan yumɓu na Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000, su gane cewa kakanninmu masu fasaha ne tun kafin zuwan Bature. Kusa da shi akwai gidan namun daji, da filin da aka gina kwatancin ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa zalla.

Na biyu shi ne gandun namun daji da aka kafa a 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. Fili ne mai faɗi da inuwar itatuwa. Uwargida ta dafa shinkafarta a gida, a ɗauki tabarma da gorar zoɓo, an gama biki ke nan.

Matasa masu ƙarfin gwiwa kuma ga duwatsun Shere a gabashin gari, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800. Hunturu ne lokacin hawansu, tun da babu ruwan sama, dutse ba ya santsi. Sai dai a tafi a ƙungiya tare da wanda ya san hanya, a kuma sauko kafin la'asar.

Rigakafi Ya Fi Magani

Akwai abubuwa uku da suke mayar da murna makoki a wannan lokaci. Na ɗaya, kaskon gawayi a cikin ɗaki a rufe. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Haka hayaƙin janareta yake. A ji ɗumi a fitar da kasko waje kafin a kwanta. Na biyu, kududdufan da masu haƙar kuza suka bari a Rayfield da Bukuru da kewaye. Suna da zurfi, ruwansu kuma sanyi ƙarara, kada a bar yara su shiga iyo. Na uku, bashi da buguwa. Magidancin da ya ci bashi domin akuya da atamfa ya tuna cewa kuɗin makaranta yana jiransa a Janairu. Wanda kuma ya kwana a gidan burukutu da sunan Kirsimeti, ba haihuwar Yesu ya yi wa biki ba.

Zumunta A Ƙafa Take

Dattawanmu suna tuna lokacin da ranar Kirsimeti yara suke yawo da kwanonin shinkafa da cincin zuwa gidajen maƙwabta Musulmi, da Sallah kuma tuwo da nama su dawo. Tun rikicin Satumban 2001, da waɗanda suka biyo baya a 2008 da 2010, unguwanni suka rabu, kwanon nan ya daina tsallaka titi. Ba gwamnati ce za ta mayar da shi ba, mu ne. Kowa yana da abokin aiki, ko abokin ciniki a Farin Gada, ko mai shayin da yake gaishe shi kullum. A fara da shi bana.

Haka nan kada mu manta da waɗanda aka kora daga ƙauyukansu suna zaune a gidajen dangi cikin gari, da gwauraye da marayu. Sanyin da muke jin daɗinsa cikin bargo, azaba ce ga wanda yake kwana a kan siminti. Rigar sanyi ta gwanjo a kasuwar Katako ba ta kai kuɗin kaza ɗaya ba. Ina roƙon dattawan kowace ikkilisiya su ajiye buhu a bakin ƙofar majami'a, kowane gida ya kawo riga ɗaya ko bargo ɗaya da mudun acca ko masara, a raba kafin ranar 24 ga wata. Ubangijin da muke yi wa biki, a komin dabbobi aka kwantar da shi domin ba a sami masauki ba. Wanda ya suturta mai jin sanyi, shi ya suturta.

Daga ƙarshe, a daren 31 ga Disamba mu taru mu yi godiya, mu ba masu tsaron ƙofa haɗin kai, yara kuma su bar fasa nokawut domin kada a firgita jama'a. Allah ya tsare garinmu, ya ba mu Kirsimeti mai albarka, ya kuma kai mu sabuwar shekara lafiya. Amin.