Mu Shuka Inuwa a Saman Ɗaki da Jikin Katanga

Jama'a, duk wanda ya yi watan Mayu a Alsawra ya san yadda zafi ke haura digiri 40, katanga ta kwana tana huci. A shekarun 1960 an dasa dajin Hizamul Akhdar a kudancin Khartum don tare ƙurar habub, amma daga baya aka sare shi aka yanka filaye. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya ƙara cinye itatuwa, saboda rashin gas na girki. Inuwar da ta rage mana ita ce wadda kowa zai shuka a gidansa.

Mai rufin kankare yana iya jera tukwane da buhuna a sama, ya shuka kuɓewa, lalo da tumatir. Ganyen zai tare rana, ɗaki ya yi sanyi, ga kayan miya a hannu. Amma a yi hattara: ƙasa jiƙaƙƙiya mai zurfin santimita 20 takan haura kilo 300 a kowace murabba'in mita. Rufin azara ba zai ɗauka ba, kuma dattawanmu ba su manta da gidajen ƙasar da ruwan Agustan 1988 ya rusa ba.

Mai ginin ƙasa sai ya kafa sanduna nesa kaɗan da katangar yamma, ya ɗaura igiya, soso ko duma su hau har kan rumfa. Ruwan alwala da wanda ke ɗiga daga randa ya ishe su. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.