Mai guduma ko mai allura: Zaɓin ƙaramar bindiga da ya jefa sojojin Amurka cikin ce-ce-ku-ce

A ranar 19 ga Janairun 2017 ne rundunar sojin ƙasa ta Amurka ta sanar da cewa za ta yi sallama da Beretta M9, ƙaramar bindigar da dakarunta suke ratayawa a ƙugu tun shekarar 1985.

Rundunar ta bai wa kamfanin SIG Sauer kwangilar da za ta iya kaiwa dala miliyan 580 domin ya samar mata da sabuwa ƙirar P320, wadda sojojin suka raɗa wa suna M17, ƙaramarta kuma M18.

Ga wanda bai san harkar ba, kamfani kawai aka sauya. Amma sauyin ya taɓa ainihin yadda bindigar ke tayar da harsashi. M9 tana aiki ne da guduma, ita kuwa sabuwar tana aiki da allura mai sifirin a cikinta. A kan wannan bambanci ne rundunonin soji da na 'yan sanda a ƙasashe da dama suka shafe shekaru suna kai-kawo, domin kowane ɓangare yana da irin kuskuren da yake karewa da irin wanda yake buɗe wa ƙofa.

Yadda kowacce ke aiki

A gindin kowane harsashi akwai wani ɗan ƙaramin maɓalli mai sinadari. Idan aka doke shi da ƙarfi sai ya yi tartsatsi, albarushin da ke cikin kwanso ya kama, harsashi ya fita. Duk gardamar a kan abin da zai yi wannan dukan take.

A bindiga mai guduma, akwai wani ƙarfe a bayanta da ake iya gani da ido, wanda ke komawa baya idan an ɗana. Da an ja kunama sai ya faɗo ya doki allura, ita kuma ta doki gindin harsashi. Duk wanda ya taɓa ganin maharbi yana ɗana bindigar toka da babban yatsa ya ga kakan wannan tsari.

A bindiga mai allura kuwa babu gudumar. Allurar ce da kanta take da sifirin, a ɓoye cikin murfin sama mai zamewa. Idan aka ja murfin aka saka harsashi, sifirin ɗin ya takure, sai kunama ta sake shi.

Tsarin allura ba sabo ba ne, domin bindigar Luger ta Jamus da aka yi yaƙin duniya na ɗaya da ita haka take aiki. Sai dai kusan duk ƙarni na 20 mai guduma ce ta mamaye fage, tun daga M1911 ta John Browning, wadda sojojin Amurka suka riƙe daga 1911 zuwa 1985, har zuwa Browning Hi-Power da sojojin Birtaniya suka daɗe da ita.

Matsalar harbin farko

M9 tana da ja iri biyu. A harbin farko gudumar tana kwance, don haka kunama ce za ta ɗaga ta sannan ta sake ta. Wannan ja doguwa ce mai nauyi, kusan kilo 5. Bayan harbin farko, murfin sama da ya koma baya yakan bar gudumar a ɗane, sai sauran harbin su zama gajeru marasa nauyi, kusan rabin na farko.

An yi haka ne da gangan. Ja mai nauyi tana ba wa mutumin da ke cikin firgici damar sanin cewa lallai harbi yake shirin yi kafin harsashi ya fita.

Amma akwai tsada. Nauyin yakan karkatar da bakin bindiga, musamman ga mai ƙaramin hannu, sai harbin farko ya kauce. Kuma dole soja ya koyi ja biyu daban-daban, sannan ya tuna ya kwantar da gudumar da wani ɗan maɓalli kafin ya mayar da bindigar kube. Wanda ya manta, ya rataya bindiga a ɗane.

Mai allura ta zo da ja guda ɗaya tal, daga harsashin farko har na ƙarshe, yawanci kusan kilo 2 da rabi. Ga rundunar da ke horar da dubban sababbin shiga, waɗanda ƙaramar bindiga ba ita ce babban makaminsu ba, wannan babban sauƙi ne.

Mai ƙera sandunan labule da ya sauya kasuwa

Wanda ya ɗaukaka wannan tsari shi ne Gaston Glock, ɗan ƙasar Austriya, wanda kamfaninsa ke yin sandunan labule da wuƙaƙen soja kafin ya taɓa ƙera bindiga. A farkon shekarun 1980 sojojin ƙasarsa suka karɓi Glock 17, mai jikin roba mai ƙarfi, mai ɗaukar harsashi 17, wadda sassanta ba su wuce talatin da 'yan kai ba.

Ba ta da nauyi, ba ta da tsada, gyaranta kuma ba wuya. Cikin ƙanƙanen lokaci rundunonin 'yan sandan Amurka suka yi ta rububinta.

Daga baya sojoji suka bi sahu. Birtaniya ta ajiye Browning ta ɗauki Glock 17 a 2013. Faransa ta sanar da irin wannan mataki a farkon 2020. A gasar da Amurka ta yi ma, kamfanoni biyun da suka kai ƙarshe, SIG Sauer da Glock, duk masu allura suka kawo. Glock ya shigar da ƙorafi bayan ya faɗi, amma ofishin binciken kuɗaɗen gwamnati ya yi watsi da shi a watan Yunin 2017, kuma bayanan da suka fito sun nuna farashin SIG ya yi ƙasa da na Glock da kusan dala miliyan 100.

Sauƙin harbi, sauƙin kuskure

Abin da ke sa mai allura ta yi daɗin saiti shi ne kuma ke sa ta rashin yafiya. Yatsa ya zame cikin gidan kunama, ko igiyar riga ta maƙale yayin mayar da ita kube, harsashi na iya fita.

A 1998, jaridar Washington Post ta gano cewa an samu harbin kuskure fiye da 120 cikin shekara goma da 'yan sandan birnin Washington suka koma Glock, kuma binciken ya danganta lamarin da ƙarancin horo.

Haka aka gani a gundumar Los Angeles, inda jami'an tsaron gundumar suka bar Beretta suka koma M&P ta kamfanin Smith & Wesson. Harbin kuskure ya tashi daga 12 a 2012 zuwa 30 a 2014. Jami'an da suka saba ɗora yatsa a kan kunama mai nauyi sun ci gaba da ɗabi'ar a kan mara nauyi. A ɗaya ɓangaren kuma, sababbin shiga, musamman mata, sun fi cin jarrabawar harbi da sabuwar bindigar.

'Yan sandan New York sun bi wata hanya. Sun sa aka ƙara wa kunamar bindigoginsu nauyi har kusan kilo 5 da rabi domin rage harbin kuskure. Masu suka suka ce hakan na sa jami'ai kuskuren saiti a titunan da ke cike da jama'a. A 2021 rundunar ta sanar da cewa sababbin jami'ai za su riƙa samun mai sauƙin ja, kusan kilo 2 da kwata.

Rikicin P320

Wata bakwai bayan nasarar SIG Sauer, a Agustan 2017, aka nuna cewa P320 ta kasuwa na iya tashi idan ta faɗi ƙasa ta wata kusurwa. Kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta ga duk mai so, inda ya rage nauyin wasu sassan ciki.

Maganar ba ta tsaya nan ba. A 2023, wani binciken haɗin gwiwa na Washington Post da kafar The Trace ya tattaro mutum fiye da 100 da suka ce bindigar ta tashi ba tare da sun taɓa kunama ba, aƙalla 80 daga cikinsu sun ji rauni. A 2024 masu taya alƙali yanke hukunci a jihar Jojiya sun ba wani mai ƙara diyyar dala miliyan 2.35, na birnin Philadelphia kuma suka ba wani dala miliyan 11.

Kamfanin ya tsaya kai da fata cewa bindigar ba ta iya tashi sai an ja kunama, yana ɗora laifin a kan sakaci da kube marasa kyau.

Masu sukar ƙirar suna nuni da abu biyu. A Glock, sifirin ɗin allura rabin takura yake yi, kunama ce ke ƙarasa shi, kuma akwai ɗan harshe a jikin kunamar da sai an danna shi take motsi. A P320 kuwa allurar kusan a ɗane take gaba ɗaya, kuma akasarin waɗanda ake sayar wa 'yan sanda da farar hula ba su da wannan harshe, ba su da makullin babban yatsa. M17 da M18 na sojoji suna da makullin.

A Yulin 2025 wani sojan sama ya rasu sakamakon harbin M18 a sansanin F.E. Warren da ke jihar Wyoming. Sashen rundunar saman da ke kula da makaman nukiliya ya dakatar da amfani da ita nan take, ya binciki bindigogi kusan 8,000. Daga baya aka kama wani soja bisa zargin kisa ba da niyya ba da kuma ba da bayanin ƙarya, aka kuma mayar da bindigar bakin aiki a watan Agusta.

Abin da ake aunawa kafin zaɓi

Mai guduma ba ta mutu ba. A gasannin harbi na duniya, CZ Shadow 2 ta ƙasar Czech na cikin waɗanda gwanaye suka fi riƙewa, saboda gajeriyar kunamarta da nauyin jikinta na ƙarfe da ke rage zabura.

Masu sonta suna lissafa wasu fa'idodin. Da kallo ɗaya mutum zai san ko a ɗane take. Yayin mayar da ita kube, ana iya dafe gudumar da babban yatsa, ta yadda idan wani abu ya maƙale a kunama za a ji ta tana ƙoƙarin tashi. Idan harsashi ya ƙi tashi, a irin M9 ana iya sake jan kunama a doke shi karo na biyu.

Masu son mai allura su ma suna da nasu. Bayanta a rufe yake, ƙura da yashi ba su cika samun hanya ba, babu abin da zai kama riga yayin zaro ta, kuma babu maɓallin da za a manta a lokacin tashin hankali.

Saboda haka tambayar da hukumar tsaro ke fuskanta ita ce: wane kuskure ta fi tsoro, jami'i ya harba ya kauce, ko ya harba bai yi niyya ba? Amsar ta dogara ne da yawan lokaci da harsasan da za ta iya kashewa wajen horo, da ingancin kuben da za ta saya, wanda ya kamata ya zama mai tauri, ya kuma rufe gidan kunama ruf.

A Najeriya, wannan zaɓi na hukumomin tsaro ne. Dokar makamai ta 1959 ta sanya ƙananan bindigogi cikin jerin haramtattun makamai, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa. Duk da haka maganar ta shafi kowa, domin “harbin kuskure” kalma ce da 'yan ƙasar suka saba ji bayan an rasa rai.

Abin da ya faru a Washington da Los Angeles ya nuna cewa duk rundunar da ta sauya bindiga ba ta sauya horo ba, ita da jama'ar da take karewa ne ke biyan farashin. Ƙa'idar da masu koyar da harbi ke nanatawa ga mai guduma da mai allura guda ce: yatsa ba ya shiga gidan kunama sai an saita, an kuma yanke shawarar harbi.