HOTON ZUCIYA: GWAJI BIYU DA YA KAMATA MU SANI

Jama'a, sau da yawa likita kan tura ɗan'uwanmu babban asibiti a ɗauki hoton zuciyarsa, amma tsoro ya sa ya naɗe takardar ya jefa a aljihu. To, rashin sani ya fi dare duhu, shi ya sa muka ga ya dace mu ɗan yi bayani.

Wannan hoto, wanda likitoci ke kira "eko", da amsa-kuwwar sauti ake ɗaukarsa, kamar hoton cikin mata masu juna biyu. Likita Inge Edler da masanin kimiyya Hellmuth Hertz suka fara shi a birnin Lund na ƙasar Suwidin a 1953.

Gwaji na farko shi ne na wahalar da zuciya. Jijiyar da ke ciyar da zuciya tana iya tsukewa, amma ba a gane ba in mutum yana hutawa. Saboda haka sai a ɗauki hoto yana kwance, sannan ya taka keke ko ya yi sassarfa a kan na'ura, a sake ɗauka nan take. Lissafinsa ɗan firamare ma zai iya: a cire shekarun mutum daga 220, a nemi kashi 85 cikin 100. Mai shekara 50 ke nan ana son zuciyarsa ta buga wajen sau 145 a minti. Wanda ba ya iya motsa jiki, sai a sa masa maganin dobutamin ta jijiya. Duk ɓangaren zuciyar da ya yi sanyi wajen matsawa, alama ce jini bai ishe shi ba.

Na biyu ta maƙoshi ake yinsa. Bututun abinci yana bayan zuciya daf da ita, ba haƙarƙari ko huhu a tsakani, don haka hoton ya fi fita tangaran. Ana fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro, a ba da na kwantar da jiki, sannan a zura siririyar na'ura. Da shi ake hango gudan jinin da ke jawo shanyewar ɓarin jiki, da ƙwayoyin cuta da suka kama ƙofofin zuciya. A bar ci da sha awa 6 kafin a je, a cire haƙoran roba, a tafi da mai rakiya. Mai wahalar haɗiya ya gaya wa likita tun da wuri.

Mu malamai muna da ruwa a nan. Ciwon maƙogwaron da muke rainawa a aji, in ba a yi maganinsa ba, yakan lalata ƙofofin zuciyar yaro bayan shekaru. Iyaye, a kai yaro asibiti. Wanda kuma takardarsa ke aljihu, ya fito da ita gobe. Allah ya ba mu lafiya, amin.