Yadda Ake Sake Haɗa Wayoyin Tada Babur Bayan Sun Ƙone

A ƙauyukan Dambatta da Makoɗa da Bichi da Kunci, babur shi ne motar gida. Shi ke kai buhun gero kasuwa, shi ke kai taki gona, shi ne kuma ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare. Babura irin su Lifan da Haojue da roba-roba suna da maɓallin tayarwa a hannun dama. Ana dannawa, sai inji ya tashi ba tare da an buga kik ba. Amma wata rana mai babur zai danna, sai ya ji warin roba, ya ga hayaƙi na fitowa daga wajen batir. To, wayoyin rile ne suka ƙone.

Ga abin da rile yake. Sitata wani ɗan inji ne mai juya babban injin babur har ya kama. Yana jan wuta mai yawa ƙwarai, wadda siririyar wayar maɓalli ba za ta iya ɗauka ba. Shi ya sa aka sa rile a tsakani, kusa da batir. Aikinsa kamar na ƙofar ruwa ne a madatsar Watari ta Bagwai: hannun mutum ɗaya ke murɗa ta, amma ruwan da ke wucewa ya isa ya shayar da gonaki masu yawa. A cikin rile akwai naɗin wayar tagulla. Idan an danna maɓalli, 'yar wuta kaɗan ke shiga naɗin, ya zama maganaɗisu, ya jawo wani ɗan ƙarfe ya haɗa manyan kawuna biyu. Ƙarar "ƙas" da ake ji ke nan.

Saboda haka wayoyi huɗu ne ke zuwa jikinsa. Biyu masu kauri, ana ɗaure su da noti: ɗaya daga kan batir mai alamar tarawa (+), ɗaya zuwa sitata. Biyu sirara: ɗaya daga maɓalli, ɗaya kuma mai cika zagayen wuta. A baburan da aka ƙera bisa tsarin Honda, wanda yawancin na China ke bi, wayar maɓalli ruwan ɗorawa ce mai jan layi. Koriya ita ce mai komawa jikin ƙarfen babur. Wasu kamfanoni suna da nasu launin, don haka a bi kowace waya da ido har inda ta tsaya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sayo sabon rile a ɗaura, a hau a tafi. Rile ba ya ƙonewa haka kawai. Wani lokaci ɓera ne ya ci robar waya, tunda a zaure ko gefen rumbu ake kwantar da babur. Wani lokaci ruwa ne ya shiga, don samari na son wanke babur a bakin dam ɗin Tomas ko a kududdufi. Akwai wanda ya juya kan batir. Akwai wanda ya kai a yi masa walda a jikin kariya bai cire batir ba. Akwai mai jona cajar waya da ƙarin fitilu ba bisa ƙa'ida ba. Batir mai rauni ma yana kashe rile: ɗan ƙarfen nan ya riƙa rawa yana tartsatsi har ya manne, sitata ya yi ta juyawa ko an cire makulli. Idan ba a gano dalili ba, sabon ma zai bi tsohon.

Kafin a taɓa komai, a fitar da babur fili, nesa da kara da harawa da galan ɗin mai. Gidajen wannan yanki a haɗe suke, kuma da hunturu kowane danga busasshe ne. Daga nan a kwance kan batir mai alamar ɗebewa (–) tukuna. Dalili shi ne, duk ƙarfen babur a haɗe yake da wannan kai. Wanda ya fara da jan kai, sifanarsa ta taɓa ƙarfe, wuta za ta tashi a hannunsa.

Sai a warware salatif ɗin da ya naɗe wayoyi, a bi har inda roba ba ta narke ba. Waya ɗaya idan ta yi zafi takan narkar da maƙwabtanta a cikin ɗauri, inda ido ba ya gani. Duk wadda ta yi baƙi ko ta ƙandare a yanke ta. A sa sabuwa mai kauri daidai da ta dā. Wayar rediyo ba ta aikin wayar sitata, komai arharta. Mahaɗa kuwa a like ta da dalma, ko a matse ta da kan waya na ƙarfe. Murɗawa da hannu kawai ba ta jure gargadar hanyar ƙauye. Za ta saki, ta yi zafi.

Abin lura a nan shi ne, babbar wayar da ta taso daga batir zuwa rile ba ta bi ta fiyus. Idan ta goge a jikin ƙarfe, babu abin da zai tsayar da wutar. Don haka a mayar mata da hularta ta roba, a ɗaure ta inda ba za ta gogu ba. Shi kuwa fiyus, a ƙananan babura yawanci mai lamba 10 ne ko 15. A sa irin wanda aka cire. Masu cusa guntun waya ko takardar kwalin sigari a gurbinsa, su ne kan rasa babur ɗungurungum.

Akwai dabarar gwaji wadda ba ta cin ko kwabo. Bayan an gama haɗi, a mayar da batir, jan kai da farko. Kada a sa fiyus tukuna. A jona ƙwan fitilar sigina a gurbinsa, makulli a kashe. Idan ƙwan ya kama da haske sosai, har yanzu akwai wayar da ke taɓa ƙarfe, sai a koma nema. Idan bai kama ba, a sa fiyus, a tabbata babur ba ya cikin giya, a danna maɓalli. Wasu babura ba sa tashi sai an matse birki ko kuloci. Idan an ji "ƙas" amma sitata bai juya ba, a fara duba batir da tsatsar kawunansa.

Bakanike mai mita ya auna batir. Cikakke yana nuna kimanin volt 12.6 idan inji a kashe yake. Idan an tayar an ɗan ja mai, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In ya wuce 15, na'urar caji ta lalace, kuma za ta ci gaba da ƙona ƙwai da dafa batir har sai an canja ta.

Wasu kan haɗa manyan kawunan rile da sukundireba don babur ya tashi. Bakanike yakan yi haka sau ɗaya don ya gane ko sitata na da rai, amma tartsatsin da yake fitarwa bai dace da wurin da mai ke yoyo ba. Haka kuma kada a riƙe maɓalli fiye da daƙiƙa 5. Idan bai kama ba, a saki, a ƙirga 10, sannan a sake. In ya ƙi sau uku, a koma kik.