Rufisque: makarantar da ta fara horar da malamai mata a Afirka ta Yamma ta Faransa

A mafi yawan zamanin mulkin mallakar Faransa, yarinyar da ta gama firamare a Damagaram ko Maradi ba ta da wata babbar makarantar da za ta shiga a cikin Nijar. Mai son ci gaba da karatu sai ta nufi Senegal, inda hedikwatar yankin Afirka ta Yamma ta Faransa take.

Maza sun riga su samun wannan dama. Tun 1903 aka buɗe makarantar horar da malamai da daga baya aka sa wa suna William Ponty, wadda Boubou Hama da Diori Hamani suka yi karatu a cikinta. Mata kuwa, hanya guda aka fara buɗe musu a 1918, wato sashen ungozoma na makarantar koyon aikin likita ta Dakar. Daga nan ne Aoua Keita ta fito a 1931, kafin ta zama mace ta farko a majalisar dokokin ƙasarta, Mali ta yau, a 1959.

Sai a 1938 aka kafa makarantar horar da malamai mata a garin Rufisque, kusa da Dakar, ƙarƙashin shugabancin Germaine Le Goff. Ana shiga ne ta hanyar jarrabawa mai tsauri, a yi shekara huɗu a makarantar kwana. Ban da darussan koyarwa, ana koya musu ɗinki, girki da tsabtar gida, domin burin Turawan shi ne su samar da matan aure masu ilimi ga ma'aikatansu.

Amma ɗaliban sun wuce inda aka yi musu iyaka. Jeanne Martin Cissé ta Gini ta zama mace ta farko da ta shugabanci Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1972. Mariama Bâ, wadda ta shiga makarantar a 1943, ta ci kyautar adabi ta Noma a 1980.

'Yan Nijar kaɗan ne suka kai Rufisque, saboda nisan hanya da ƙarancin makarantun firamare da aurar da 'yan mata da wuri. Karatun jami'a bai soma a Yamai ba sai 1971. Yau akwai jami'o'i a Maradi da Damagaram da Tahoua, nisa ya ragu, amma har yanzu a ƙauyuka da dama ana cire yarinya daga aji a kai ta ɗakin miji kafin ta ga ƙofar jami'a.