Ublon, tsiron da ake kafa wa dirka tun bai fito ba

A yankin Halatau na jahar Bavariya, kudancin Jamus, gonaki ne cike da dogayen dirkoki masu tsawon metir 7, an ɗaure kawunansu da waya. Wanda ya ratsa wurin lokacin sanyi zai ce an manta da shuka ne. Amma kafin ƙarshen watan Yuni, ganye ya rufe komai har sama. Tsiron nan shi ne Faransawa ke kira ublon, ƴan Ingila kuma su ce hop. Furensa ake nema, wanda ke ba giya ɗaci da ƙamshi, yana kuma hana ta saurin lalacewa. Tun 1516 dokar Bavariya ta ambace shi tare da ruwa da sha'ir. Wasu kuma shayi suke yi da shi don samun barci.

A Turai da Amurka, mutane da dama suna shuka shi a bayan gida, kuma abin da ya fi ba su wahala ba shukar ba ce, abin da za ta hau ne. Dalili kuwa, ublon gaggawa gare shi. Idan yanayi ya yi masa daɗi yana iya ƙaruwa da santimetir 30 a yini guda. Saiwarsa takan shekara 20 a ƙasa, amma kowace shekara reshen sama yana mutuwa da shigowar sanyi, sabo ya fito a watan Maris ko Afrilu. Wanda ya ce sai ya ga tsiro sa'an nan ya nemi itace, to ya makara.

Mai gida ba ya bukatar metir 7. Dirka biyu masu kauri, da za su tashi metir 4 ko 5 bayan an binne kusan metir guda a ƙasa, sun wadatar. Ana ɗaure waya mai ƙarfi daga kan wannan zuwa kan waccan, sai a sako igiyoyi daga wayar zuwa gindin kowace shuka, a kafe su da turke, a bar tazarar metir guda tsakanin shuka da shuka. Wanda ke da dogon bango mai samun rana sosai, sai ya rataya igiyoyin daga saman ginin, ya huta da haƙa rami.

Maganar igiya ita ce wurin da ake yawan yin kuskure. Ublon ba shi da ƴan zare-zaren kamu irin na duma ko soso. Jikinsa ne gaba ɗaya yake naɗewa, yana riƙewa da wani gashi mai kaushi wanda har fatar mutum yake karcewa. Saboda haka igiyar roba mai santsi ba ta yi masa. Ta ɓawon kwakwa aka fi so. Kuma hanya guda yake naɗewa, yadda hannun agogo ke juyawa. Idan ka naɗe shi ta ɗaya gefen, zai warware kansa. Reshe biyu ko uku masu ƙarfi ake ɗora wa kowace igiya, a yanke sauran.

Kada a raina nauyinsa. Ganyen da ya cika tun daga ƙasa har sama tamkar tabarma ce aka shanya wa iska, kuma hadari guda a watan Agusta, ana saura ƴan kwanaki girbi, yana iya kwantar da aikin shekara. Don haka ake ja wa dirkokin gefe waya a kafe ta a ƙasa. A ganina dabarar da ta fi kowace ita ce a sa zoben ƙarfe a kan dirka, igiyar sama ta ratsa ta ciki kamar ta tuta. Ranar girbi, ƙarshen Agusta ko cikin Satumba, sai a sassauto da ita a tsinki fure a tsaye, ba hawa tsani. A Kent ta Ingila, da can, ma'aikata kan dogayen ƙafafun itace suke hawa su ɗaura igiyoyin. Masu kare kuma su kiyaye, furen guba ne gare shi.

To, zai yi a Maraɗi ko Damagaram? Da wuya ƙwarai, kuma ba laifin ƙasa ko ruwa ba ne. Ublon yana son dogon yini da sanyin da zai sa saiwarsa ta huta. A Halatau yinin watan Yuni yana kai awa 16. A Yamai yini mafi tsawo bai cika awa 13 ba. Da gajeren yini, tsiron yakan yi fure tun bai girma ba, amfanin ya zo kaɗan. Ko a garin George na Afirka ta Kudu, inda ya fi mu tsawon yini, sai da manoma suka riƙa kunna masa fitilu da dare, suka kuma samar da irin da ya dace da can. Dirkokin da wayar dai za su ɗauki soso ko duma a tsakar gida, in aka ƙara igiyoyi a kwance don su sami abin kamawa.