3.4 Tallafin Masoya a Matsayin Sabuwar Hanyar Ɗaukar Nauyin Mawaƙi

Bisa al'ada, makaɗin Hausa yana da ubangida. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗankwairo sarakuna ne ke ɗaukar nauyinsu, ta hanyar ba su doki da riga da hatsi. Makaɗan jama'a kuwa, irin su Mamman Shata, sun dogara ne ga kyautar attajirai da kuma kuɗin da ake liƙa musu a dandali. Wato ko ta wace fuska aka duba, mai bayarwa sananne ne, kuma sunansa kan fito a cikin waƙa.

Zuwan kaset ya shigo da talaka cikin wannan ciniki. A lokacin da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa ke aiki sosai, leburan masaƙa ko na gidan jima kan karɓi albashi a ƙarshen wata, don haka sayen kaset ba ya gagarar sa. Daga shekarar 1986, lokacin da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu, sai ga tsadar kayan aiki da ƙarancin wutar lantarki sun durƙusar da masana'antu da dama. Daga baya kuma satar fasaha da tura waƙa ta wayar hannu suka kashe cinikin faifai a Ƙofar Wambai. Mawaƙi ya wayi gari ana jin sa ko'ina, amma aljihunsa babu labari.

Wannan matsala ba ta tsaya ga Kano ba. A Ingila, ƙungiyar mawaƙa ta Marillion ta fitar da faifanta na 2001 da kuɗin masoya sama da 12,000 waɗanda suka biya tun kafin a ɗauki waƙoƙin. Haka kuma a 2012 mawaƙiyar Amurka Amanda Palmer ta tara kusan dala miliyan 1.2 ta dandalin Kickstarter. A waɗannan misalai akwai ƙa'ida: wanda ya biya an yi masa alkawarin faifai, ko tikitin shiga wasa.

Misali mafi kusa a ƙasar Hausa shi ne na Dauda Kahutu Rarara. A shekarar 2020 ya nemi masoyan Shugaba Muhammadu Buhari kowa ya tura masa naira 1,000 kafin ya saki sabuwar waƙa, kuma jaridu sun ruwaito cewa an tara miliyoyin naira cikin 'yan kwanaki. Idan aka yi la'akari da cewa mafi ƙarancin albashi a wancan lokaci naira 30,000 ne a wata, za a ga cewa dubu ɗaya ladan yini guda ne cur ga lebura a Sharaɗa ko Challawa, in ma ya dace ana biyan sa hakan. Ba ƙaramar kyauta ba ce.

Sai dai abin lura a nan shi ne, mai turawar ba faifai ya saya ba, domin waƙar kyauta za ta iso wayarsa ko ya biya ko bai biya ba. Sunansa ma ba zai fito a baiti ba, saɓanin attajirin zamanin Shata. Abin da ya saya kawai shi ne a ƙirga shi cikin masoya, saboda haka tarin ya fi kama da ƙidayar magoya baya fiye da ciniki. Bugu da ƙari, sarki yana iya korar makaɗinsa idan ya saɓa masa, amma dubban iyayen gida da ba su san juna ba ba su da wannan iko. An ga haka a 2023, lokacin da Rarara ya fito a gaban 'yan jarida ya soki mulkin Buharin, alhali waɗanda suka tura dubu ɗai-ɗai ba su da wata kafa ta neman bahasi.